Karen da Bai Yi Haushi Ba

Akwai wani irin littafi da Turawa suka daɗe suna rubutawa, wanda Faransawa ke kira littafin ƴan sanda. Ni dai na fi son in ce masa littafin bin sawu, domin aikin da ake yi a ciki ke nan tun daga farko har ƙarshe. Fasalinsa kusan ɗaya ne kullum: a wayi gari a tarar da gawa, ko a tarar da akwati wayam, hukuma ta rasa ta inda za ta kama, sai a kira wani mai kaifin hankali ya duba ƙasa, ya duba takalman mutane, ya yi ƴan tambayoyi, a shafin ƙarshe ya nuna mai laifi. Waɗanda suka yi lakol a cikinku sun sha ganin irinsu a shimfiɗe a kasuwar Maraɗi, bango ya yage, takarda ta yi ja. Yawanci ana ɗaukarsu abin rage dare. To, a ganina suna da wata magana da ta shafe mu a nan Madarunfa, watau ko ci gaba yakan zo da bashi a ɓoye, in kuwa haka ne, wa ke biya.

Ka fara tambayar kanka, ya mai karatu, don me aka yi wannan irin labari a birni ba a ƙauye ba. A Gabi ko a Safo, in akuya ta ɓata da dare, da safe akan sami dattijon da zai tsuguna ya dubi sawu ya ce wannan ƙafar wane ce, ga inda yake jan ta hagu. Kowa ya san ƙafar kowa, kowa ya san bashin kowa. Amma birnin Landan, wanda yake da mutum kamar miliyan 1 a 1801, ya wuce miliyan 6 a 1901. Masana'antu da jirgin ƙasa suka kwaso mutane daga ƙauyuka suka zuba su wuri guda, har ya zama mutum bai san sunan wanda ke kwana a bayan bangonsa ba. A 1829 aka kafa ƴan sandan Landan, a 1842 aka ware musu sashen masu bincike. Labarin da ake cewa shi ne na farko a wannan fanni, na wani Ba'amurke mai suna Edga Alan Po, ya fito a 1841. Bafaranshe Emil Gaboriyo ya biyo baya a 1866, sannan a 1887 wani likita ɗan Birtaniya, Konan Doyil, ya fito da Shalok Homs, wanda sunansa ya danne na sauran. Homs ba kowa ba ne illa dattijon nan mai bin sawu, an kai shi birni, an ba shi gilashin ƙara girman abu, ana biyansa kuɗi. Abin da ƙauye ke yi kyauta, birni sai ya saya. Wannan shi ne bashi na farko, kuma littattafan ba su faɗe shi da baki ba, samuwarsu ce ta nuna shi.

Doyil ya rubuta dogayen labaran Homs 4 da gajeru 56. Wanda nake son mu tsaya a kansa shi ne na 1890, wanda masu karatun Faransanci suka sani da Le Signe des quatre, watau alamar mutum huɗu. Wata budurwa ta zo wurin Homs. Ubanta hafsan soja ne da ya dawo daga Indiya ya ɓace a Landan, ba a sake jin ɗuriyarsa ba, kuma shekara 6 ke nan kowace shekara ana aiko mata da lu'ulu'u ɗaya, ba ta san mai aikowa ba. Bincike ya kai su wani babban gida a gefen birni, gidan wani hafsa mai suna Sholto da ya yi arziki a Indiya. Suka tarar da ɗansa a mace cikin ɗaki a kulle, da ƙaya mai dafi a saman kunne, akwatin dukiya kuma an ɗauke. A ƙasa akwai sawu biyu: na mai ƙafar katako, da na wata ƴar ƙaramar ƙafa ba takalmi.

Sai a can ƙarshe mai ƙafar katakon ya ba da labarin asalin dukiyar. A 1857, lokacin da mutanen Indiya suka yi wa Ingilishi bore, wani sarki ya ba baransa duwatsu masu daraja ya kai su ganuwar Agra a ɓoye. Baturen nan da ƴan Indiya uku suka kashe baran, suka binne akwatin, suka yi rantsuwa su huɗu. Aka kama su aka kai su kurkukun tsibiran Andaman. Can suka gaya wa Sholto asirin bisa alkawarin zai taimake su su gudu, shi kuwa ya kwashe dukiyar ya yi Ingila shi kaɗai. Ka ga, gidan nan mai fitilu da barori da katanga, wanda maƙwabta ke gani su ce Allah ya yi wa wane buɗi, harsashinsa jinin wani ne a wata ƙasa mai nisa, shekara talatin da suka wuce. A nan littafin yake da ƙarfi. Doyil ya sake yin irin wannan sau da yawa: mutum ya yi dukiya a Indiya, ko a Ostareliya, ko a Amurka, ya dawo ya zauna lafiya, wata rana bashin ya biyo shi har ƙofar gida. Marubucin mai son daular ƙasarsa ne, ba ya ɓoye haka, amma alƙalaminsa ya fi shi gaskiya.

Duk da haka akwai inda littafin ya ba ni haushi, kuma ya kamata ka sani kafin ka karanta. Mai ƴar ƙaramar ƙafar nan ɗan tsibirin Andaman ne, kuma Doyil ya siffanta shi kamar dabba. Ba a ba shi bakin magana ko sau ɗaya ba. An harbe shi ya faɗa kogi, babu wanda ya tambayi yadda aka yi Turawa suka mai da tsibirin kakanninsa kurkuku. Ita kuwa dukiyar, da aka buɗe akwatin sai aka ga ba kome, mai ƙafar katako ya watsar da ita cikin kogin Temis. Budurwa ta auri Likita Watsan, abokin Homs, kowa ya yi murna. Talakawan da aka tatsa har sarkinsu ya tara waɗannan duwatsu, ko sunansu bai fito ba. Watau Homs ya gano wanda ya ɗauki akwatin, amma bai taɓa tambayar na wane ne tun asali ba.

Wani abu kuma a littafin nan, a shafin farko ma. Homs, in ba shi da aiki, yakan yi wa kansa allurar hodar ibilis, Watsan yana yi masa faɗa. A wancan zamani wannan sabon magani ne da likitoci ke yabo, tun da a 1884 aka gano yana kashe zafi wajen aikin ido. Sai daga baya aka ga yadda yake cin mutum. Kai da ka ga abin da ƙwayar tiramol ta yi wa samarin tasha da ƴan kabu-kabu, alhali an yi ta ne don mai ciwo ya sami sauƙi, ba ka bukatar a yi maka dogon bayani.

Abu na biyu da waɗannan littattafai suka gane shi ne sabon abu ba ya zaɓen ubangida. A labarin nan ɓarawo ya gudu cikin jirgin ruwa mai inji, ƴan sanda suka bi shi cikin wani irinsa. Homs yana buga waya, mai laifi ma yana bugawa. Agata Kiristi ta kai abin matuƙa a wani littafinta na 1936, inda mai kisa yake bin abacada: ya kashe mai suna da A a gari mai suna da A, sannan B, sannan C, kuma kowane wuri sai ya ajiye littafin lokutan jirgin ƙasa kusa da gawa. Mu da muke koyar da baƙaƙe, wannan labari yana sa mu yi tsaki, amma gaskiya ce: wanda ya iya karatu ya iya rubuta wasiƙar zumunci, ya kuma iya rubuta takardar sayen gonar da ba a sayar masa ba. Haka babur da salula. Su ne ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare daga ƙauyen da mota ba ta shiga. Su ne kuma ƴan bindiga ke hawa su tsallako iyaka su ɗauki mutum, su kira danginsa su faɗi kuɗin fansa. Mutanen ƙauyukanmu na bakin iyaka sun san wannan fiye da kowane marubuci.

Yanzu ga karen. A wani gajeren labari na 1892, an sace dokin sukuwa da dare, aka tsinci mai horar da shi a daji kansa a fashe. Ƴan sanda suka kama wani baƙo da aka gani yana shawagi a wurin. Homs kuwa ya lura da abin da bai faru ba: akwai kare a bargar, an shiga an fitar da doki, amma kare bai yi haushi ba. Ashe wanda ya shiga na gida ne. Mai horarwar ne da kansa, bashi ya yi masa katutu, ya fitar da dokin don ya yi masa ɗan rauni a ƙafa ya ci caca, doki ya harbe shi. Wannan ita ce dabara mafi amfani a cikin labaran Homs duka, kuma ita nake so mu ara. Abin da ke cutarwa a ɓoye ba ya zuwa da siffar baƙo. Yakan shigo da fuskar da aka sani, ana yi masa maraba.

Mu gwada ta a kan gyaɗa. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi a ƙasar Hausa, kuma ƙasar Maraɗi ta shiga ciki da ƙafa biyu. Nasara yana son haraji da tsabar kuɗi, gyaɗa ce ke kawo su. Bayan mulkin kai aka kafa SONARA a 1962 don saye da fitarwa, kuma a shekarun 1960 babu kayan da ya kai gyaɗa kawo wa Nijar kuɗi daga waje. Kada wani ya ce ba a amfana ba. Da ita aka yi rufin kwano, aka sayi keke da rediyo, aka yi aure, aka je Makka, da ita Maraɗi ta zama Maraɗi. To, ina karen? Karen shi ne saura. Dā manomi yakan bar gona ta huta shekaru, daji ya mayar mata da ƙarfi. Da gyaɗa ta zo, mutane kuma suka ƙaru, sai aka riƙa nome saurar, aka matse burtalin makiyaya, aka tumɓuke kututture don garmar shanu ta wuce. Ba wanda ya yi kuka, domin kowace kaka ana ƙirga kuɗi. Ƙasa ba ta da baki. Sai da fari ya tsananta a 1973, cutar da darɓa ke kawowa ta biyo a 1975, gyaɗa ta faɗi, aka duba aka ga rumbu ba hatsi, gona ba itace, iska tana kwashe ƙasa. Daga shekarun 1980 ne manoman jihar nan suka soma sassaben zamani, suna barin tohon kututture ya girma cikin gona, watau suna biyan bashin da iyayensu suka ci ba da sani ba.

Ka sake gwada ta a kan Gulbi. Ruwan Gulbin Maraɗi daga Najeriya yake fitowa. Wajen 1990 aka yi madatsar ruwa a Jibiya don noman rani, kuma ga mutanen can ci gaba ne na gaske, ba mai musu. A 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan da suke tarayya a kai, har da wannan gulbi. Amma tambayi tsofaffin da ke noma fadama daga Madarunfa zuwa Tibiri yadda ambaliya take zuwa dā ta kwanta ta bar laka, da yadda take zuwa bayan madatsar. Tafkinmu ma, wanda kaburburan waliyyai 99 suka kewaye, rairayi yana cike shi a hankali, kuma masunta sun fi kowa sani. Ranar buɗe madatsa akan yi kiɗa a ɗauki hoto. Ranar da rijiyar lambu ta ƙara gaba ɗaya a zurfi ba a gayyatar kowa.

A nan ne littafin bin sawu na Turawa yake gazawa, kuma gazawar babba ce. An gina shi a kan cewa mai laifi ɗaya ne. A kama shi, a sa masa ankwa, duniya ta koma daidai, mai karatu ya rufe littafi ya yi barci. To, wa za ka kama a kan saura? Manomin da ya nome ta don ya biya haraji? Malamin gona da ya koyar da abin da aka koya masa? Ɗan kasuwan da ya saya? Baturen da ya ci man a Faransa bai ma san inda Maraɗi take ba? In aka kira Homs Madarunfa zai bi sawu, sai ya ga sawun gari duka ne, har da na wanda ya kira shi. Haɗarin irin wannan karatu shi ne ya saba wa mutum da neman wuyan da zai shaƙe. In ruwa ya ragu a ce mutanen Jibiya ne, in gona ta mutu a ce makiyaya ne, kamar yadda ƴan sandan can suka kama baƙo don shi ne ya fi sauƙin kamawa.

Marubutanmu na Afirka da suka ɗauki wannan fasali sun gane matsalar, kuma ta nan suka fi iyayen gidan. Wani ɗan jaridar Mali, Modibo Sunkalo Keita, ya fitar da L'Archer bassari a 1984. A ciki ana ta kashe manyan mutane a babban birni da kibiya, a zamanin bindiga da mota. Da bincike ya yi nisa sai a ga waɗanda ake kashewa su ne suka yi arziki da yunwar fari, suka ci abin da ya kamata ya zama cimakar ƙauye. Mai karatu yakan kai ƙarshe bai san wa zai kira mai laifi ba, mai baka ko waɗanda ya harba. Ɗan Nijar ba zai ce ƙage ne ba, tun da sojojin da suka kifar da gwamnatin Diori Hamani ran 15 ga Afrilu 1974, ƙarƙashin Seyni Kunce, daga cikin dalilan da suka bayar har da yadda aka yi da taimakon cimaka lokacin fari. Da Hausa ma akwai Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, a kan saurayin da ya bar ƙauye don birni ya faɗa hannun miyagu, da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, na 1982, a kan fasa-ƙwauri da cin hanci. Waɗannan biyu ba littattafan bin sawu ne sosai ba, domin ba a ɓoye maka mai laifi, kuma wa'azi yakan yi musu yawa. Amma wanda ya taɓa tsayawa a duwan ta Ɗan Isa ya ga abin da ke wucewa ta kwalta da abin da ke wucewa ta bayan gari, zai karanta Turmin Danya kamar labarin unguwarsu.

Kada ka ɗauka ina cewa a koma jaki da fitilar aci-bal-bal. Wanda ya taɓa ɗaukar maras lafiya a amalanke ba zai zagi kwalta ba. Homs kansa bai taɓa ƙin shiga jirgin ƙasa ba. Abin da yake ƙi shi ne a kira shi bayan taron jama'a da ƴan sanda sun tattake wurin, sawu ya ɓace. A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta Daura da Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, kilomita kamar 284, kuma ƙarshenta ta ƙasarmu zai bi. An gaya mana abin da za ta kawo, kuma ina fatan ta kawo shi. Ba a cika gaya mana abin da zai sami direbobin manyan motoci da masu dako da masu tuwo na bakin hanya ba, ko burtalin da ƙarfe zai raba biyu, ko kuɗin fili a kusa da tasha. Kai da ka fito ajin yaƙi da jahilci kana da alƙalami, in gonarka ko ta ƙauyenku tana kusa da layin, ka auna ta, ka ƙirga gawo da kalgo da ke ciki, ka rubuta dami nawa take bayarwa, da zurfin rijiya, da inda shanu ke bi su sha ruwa, ka sa kwanan wata, ka kai wa maigari ya ajiye ɗaya, kai ma ka ajiye ɗaya.